GUDUN FANFALAKI DOMIN TAIMAKON MASU ƘARI A ƘWAƘWALWA: INA MATSAYINSA A MUSULUNCI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani, Ya raba lafiya a tsakanin bayinSa kamar yadda Ya raba arziki, domin Ya jarraba mai ita da wanda ya rasa ta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

A wannan mako za mu duba wata al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai, musamman Ingila, wadda kuma Musulmi mazauna can suke shiga cikinta. Watau mutum ya ɗaura niyyar yin gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, sa'an nan ya bi 'yan'uwa da abokai da maƙwabta yana cewa, "Zan yi gudun mil 26 ran kaza, ku taimaka da abin da Allah Ya hore muku, za a ba masu jinyar ƙari a ƙwaƙwalwa." Wasu na ganin wannan wasan Turawa ne kawai da neman suna, wasu kuwa na ganin sadaka ce. To, kafin a yanke hukunci a kan abu wajibi ne a san shi tukuna, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa.

ASALIN WANNAN GUDU

Turawa suna kiran wannan gudu Maraton, sunan wani fili a ƙasar Girka inda aka gwabza yaƙi tsakanin Girkawa da Farisawa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ana ba da labari cewa wani manzo ya sheƙa da gudu daga wannan fili zuwa birnin Atina domin ya kai bushara, yana isar da saƙo ya faɗi ya mutu. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896 sai aka sa wannan gudu a ciki. Tsawon da ake yi yanzu, watau kilomita 42 da mita 195, ko mil 26 da yadi 385, daga wasannin da aka yi a Landan a 1908 aka samo shi.

Gudun birnin Landan na shekara-shekara kuwa an fara shi ne ran 29 ga Maris, 1981, mutum 6,255 suka kai ƙarshe. A 2025 waɗanda suka kai ƙarshe sun haura 56,000. Mafi yawansu ba sa sa ran zuwa na ɗaya ko na ɗari. Malaman makaranta ne, da direbobi, da ma'aikatan asibiti, da tsofaffi, kowa da ƙungiyar taimakon da yake tara wa kuɗi. Ya zuwa 2019 abin da aka tara ta wannan gudu tun farkonsa ya wuce fam biliyan 1. Daga cikin waɗanda ke amfana akwai ƙungiyoyi masu kula da masu ƙari a ƙwaƙwalwa, da masu ɗaukar nauyin binciken maganinsa. Sau da yawa in ka duba bayan rigar mai gudun za ka ga hoton ɗansa, ko matarsa, ko mahaifinsa da wannan cuta ta ɗauke.

CUTAR DA AKE YI WA GUDUN

Ƙari a ƙwaƙwalwa wani tsiro ne da ke fitowa cikin kai idan wasu ƙwayoyin halitta suka shiga hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Likitoci sun ƙididdige fiye da iri 120. Akwai wanda yake na daji, akwai wanda ba na daji ba. Amma da yake Allah Ya halicci ƙoƙon kai a rufe, ba ya buɗewa balle ya ba da wuri, ko tsiron da ba na daji ba in ya girma sai ya danne ƙwaƙwalwa. Daga nan sai a ga ciwon kai mai naci wanda ya fi tsanani da asuba, da amai, da dishi-dishin gani, da mutuwar ɓarin jiki, da sarƙewar harshe, da farfaɗiya ga babban mutum wanda bai taɓa yin ta ba. Wani ma halinsa ne ke sauyawa, mutum mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai kunya ya koma yana sakin baki.

Mafi muni a cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira giliyobilastoma. Ko da an yi tiyata, an gasa wurin da na'ura, an ba da magunguna masu ƙarfi, yawancin masu shi ba sa wuce shekara guda zuwa shekara guda da rabi. Shi ne ya yi ajalin Sanata Edward Kennedy na Amurka a 2009, da Sanata John McCain a 2018. A Ingila kuma ya kama Tessa Jowell, tsohuwar minista, wadda ta tashi a Majalisar Dattawa cikin Janairun 2018 tana fama da ciwon, ta roƙi a kula da masu irin cutarta. Ta mutu cikin Mayu na wannan shekara, gwamnati kuwa ta yi alkawarin fam miliyan 40 domin bincike. Waɗannan mutane ne masu mulki da dukiya, da manyan asibitocin duniya a ƙofar gidansu, amma duk da haka abin ya gagara. To, ina ga talaka? A Birtaniya ana samun fiye da mutum 12,000 da wannan cuta kowace shekara, tana kuma cikin cututtukan daji da suka fi kashe yara da matasa. Wannan shi ne abin da ke sa mutane su fito titi suna gudu.

SHIN GUDU YA HALATTA?

Tsere da ƙafa abu ne sananne a zamanin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, a wata tafiya, ta tsere masa. Bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya tsere mata, ya nuna mata cikin raha cewa an yi ramuwa. A cikin Sahihu Muslim kuma akwai labarin Salamatu ɗan Akwa'u, sahabin da ya shahara da gudu, wanda ya bi mahara da ƙafa a yaƙin Zu Ƙarad har ya ƙwato raƙuman da suka kora. A kan hanyar komowa Madina wani mutumin Ansar ya yi ta kiran wanda zai kara da shi, Salamatu ya nemi izinin Annabi, aka ba shi, suka yi tsere ya riga shi shiga gari. Har wa yau Buhari da Muslim sun kawo cewa Annabi ya shirya sukuwar dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Malaman tafsiri irin su Ƙurɗubi sun yi bayanin halaccin tsere a ƙarƙashin aya ta 17 ta Suratu Yusuf, inda 'yan'uwan Annabi Yusufu suka kawo uzurin cewa tsere suka tafi.

Inda malamai suka yi saɓani shi ne a kan sa kuɗi a tsere. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a sa lada sai a tseren dawaki da raƙuma da harbi, amma tseren ƙafa ya halatta in babu kuɗin da aka aza, kuma akwai manufa ta gari. Malaman Hanafiyya sun sauƙaƙa a tseren ƙafa matuƙar ba kowane ɓangare ne ya zuba kuɗi ba. Mas'alarmu ta yau kuwa ta fita daga wannan saɓani, domin mai gudun taimako ba ya cin kome, ba a kuma cin kome daga gare shi. Caca ita ce kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, sauran su tashi da hasara. A nan kuwa kuɗin majiyyaci za su, ko mai gudun ya zo na farko ko ya zo na ƙarshe.

Idan wani ya ce, "In ka gama gudun nan zan ba da kaza," ko "Kowane mil zan ba da kaza," to wannan alkawarin sadaka ne da aka rataya a kan sharaɗi. Magana mafi shahara a Malikiyya ita ce alkawari yana zama dole idan an ɗaura shi a kan wani dalili, wanda aka yi wa alkawarin kuma ya riga ya shiga aikin saboda shi. Saboda haka wanda ya sa hannu a takarda, ya bar ɗan'uwansa ya yi wata huɗu yana fita motsa jiki da asuba, ya kuma yi gudun, ba shi da damar zamewa in an zo karɓa. Wanda ya fi shi kuma shi ne wanda ya ba da nasa tun kafin ranar, domin ciwo ba ya jiran a gama tsere.

GUMIN JIKI YA KAN ZAMA SADAKA

Akwai wani labari da ya dace da wannan magana ƙwarai. Abu Mas'ud Al'ansari, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labari cewa sa'ad da aka umarce su da sadaka, waɗanda ba su da kome sai su tafi kasuwa su yi dako, abin da aka biya su su kawo. Malaman tafsiri sun ambaci wani sahabi, Abu Aƙilu, wanda ya kwana yana jan ruwa aka biya shi da mudu kaɗan na dabino, ya bar wa iyalinsa rabi ya kawo rabi. Wani mawadaci kuma ya kawo dukiya mai yawa. Sai munafukai suka ce mai yawan nan riya yake yi, mai kaɗan ɗin kuwa Allah ba Ya bukatar abinsa. A kan haka aya ta 79 ta Suratut Tauba ta sauka tana zargin masu yi wa masu sadaka ba'a, tana kuma yi musu alkawarin azaba.

Jama'a, mu lura da abu biyu a nan. Na farko, wanda ba shi da dukiya amma yana da ƙarfi, ya halatta ya juya ƙarfinsa ya zama dukiya domin mabukata. Ɗan dako da bayansa ya yi, mai jan ruwa da damtsensa, wannan kuma da ƙafafunsa. Na biyu, mu ji tsoron zama a gindin bishiya muna rarraba niyyoyin mutane, muna cewa wane neman suna yake yi. Zuciya Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinta. Sau da yawa mai wannan magana ko sisi bai taɓa kai wa majiyyaci ba.

Game da tara taimako a bainar jama'a kuwa, Muslim ya ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi cewa wasu mutane daga ƙabilar Mudar sun zo Madina ba takalmi, ba suturar kirki. Fuskar Annabi ta sauya saboda tausayi, ya sa aka kira salla, ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da mutane. Wani mutumin Ansar ya fara kawo jakar kuɗi wadda hannunsa ya kusa kasa ɗauka, sai mutane suka biyo baya har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Annabi ta yi haske don murna. A nan ne ya bayyana cewa wanda ya buɗe ƙofar alheri aka bi shi, yana da ladansa da kwatankwacin ladan waɗanda suka biyo. A wani hadisin kuma ya nuna cewa mai shiryarwa zuwa ga alheri yana da lada irin na mai aikatawa. Ashe ke nan mai gudun da ya sa mutum ɗari suka buɗe aljihunsu, in niyyarsa ta yi kyau, ba ƙaramar riba ya ci ba.

Mu kuma tuna da Nana Hajara, mahaifiyar Annabi Isma'ila, sa'ad da ruwa ya ƙare jaririnta yana shure-shure don ƙishi. Ba ta zauna ta rungume hannu ba, ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai, in ta iso kwari sai ta ƙara da sassarfa, har Allah Ya ɓuɓɓugo da Zamzam. Sa'ayi ibada ce da Allah Ya shar'anta, ba a kwatanta shi da wani tsere na duniya. Amma darasin da ke ciki a fili yake: wanda ya ga rai cikin haɗari ya tashi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya bar wa Allah sauran.

WAHALAR KANTA BA IBADA BA CE

A nan ne kuma ya kamata a yi hattara. Kada mai gudu ya ɗauka cewa zafin da ƙafarsa ke yi, da bororon da ya fito masa, su ne ke kusantar da shi ga Allah. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu, ya tambaya aka ce ya yi bakance ne zai je Ka'aba da ƙafa. Sai ya nuna cewa Allah Ya wadatu daga azabtar da kai da wannan tsoho ke yi, ya umarce shi ya hau abin hawa. Haka kuma wani mutum mai suna Abu Isra'ila ya yi bakancen zai tsaya cikin rana, ba zai zauna ba, ba zai yi magana ba, zai kuma yi azumi. Annabi ya sa aka ce masa ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai.

Saboda haka gudun hanya ce kurum ta jawo hankalin mutane. Ladan yana cikin niyya da kuma abin da ya isa hannun majiyyaci. Mutumin da ya zauna a ɗakinsa ya aika da fam ɗari a ɓoye, babu mamaki ya fi wanda ya yi mil 26 ana tafa masa. Kuma ba ya halatta mutum ya jefa kansa cikin halaka da sunan taimako. Kusan babu shekarar da ba a jin wani ya faɗi a irin wannan gudu a wani wuri na duniya, wani a farfaɗo da shi, wani kuwa sai gawa. Mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko wanda shekaru suka ja, wajibi ne ya ga likita tukuna. Masana sun ce mai lafiya ma yana bukatar kamar wata huɗu yana horar da jikinsa sannu a hankali. Annabi ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, sa'ad da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da hakki a kansa. In an faɗi haka a kan salla da azumi, ina ga gudu?

SHARUƊƊAN DA ZA A KIYAYE

Na farko, tsarkake niyya. Suratul Baƙara aya ta 271 ta yaba bayyana sadaka, ta kuma nuna ɓoye ta ya fi. Bayyanawa tana da kyau ne in za ta sa wasu su yi koyi. Amma wanda burinsa a buga hotonsa a ce wane gwarzo ne, ya tuna da hadisin nan na Muslim mai firgitarwa, na mutum uku da za a fara hura wuta da su, cikinsu har da wanda ya ciyar da dukiya domin a kira shi mai kyauta.

Na biyu, riƙon amana. Duk kwabon da aka tara da sunan majiyyata nasu ne. Bai halatta mai gudu ya cire kuɗin takalmi, ko na jirgi, ko na masauki daga ciki ba, sai fa in ya gaya wa masu bayarwa tun farko sun kuma yarda. Ya bincika ƙungiyar da zai ba, ya san nawa ke isa ga marasa lafiya, nawa ke tafiya a ofis. In an gama ya sanar da jama'a abin da aka samu da inda aka kai.

Na uku, sutura. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, babu kuwa dokar tsere da ta hana dogon wando. Mace kuma hukuncin suturarta da kamun kanta bai faɗi ba don ana tsere. Wadda ta ga ba za ta iya kiyayewa ba, ƙofofin taimako suna da yawa, ta shiga ta wata.

Na huɗu, salla. Irin wannan gudu da hantsi a kan fara shi, mai matsakaicin ƙarfi ya kan yi awa huɗu zuwa shida. Sai mutum ya lissafa tun da wuri inda Azahar za ta same shi. Ba a tozarta farilla domin nafila. Haka nan in ranar ta faɗo cikin Ramadan, ba a ajiye azumi domin tsere.

Na biyar, a bambance zakka da sadaka. Zakka tana da gidaje takwas da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60. A kan ba majiyyaci matalauci, ko wanda bashin magani ya yi wa katutu. Amma sayen na'ura, da gina ɗakin bincike, da biyan masu bincike, wannan aikin sadakar ganin dama ne da waƙafi. Ita sadakar ganin dama kuwa ba a tambayar addinin wanda zai amfana. Suratul Mumtahana aya ta 8 ba ta hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, Annabi kuma ya nuna akwai lada a taimakon duk wani mai rai, har kare mai jin ƙishi. Maganin da aka gano a Landan, gobe ɗan Musulmi ne zai sha shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, kula da marasa lafiya gadonmu ne tun kafin a san wani gudu. Sarki Nuruddini ya gina asibiti a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina nasa a Alƙahira a 1284, aka tsayar musu da waƙafi, ana duba mai kuɗi da matalauci ba a karɓar kome. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta bayanin tiyatar kai, har da ta jariran da ruwa ke taruwa a kansu, Turawa suka fassara littafinsa suka yi ƙarnuka suna karantawa. Waɗannan bayin Allah sun fahimci abin da Annabi ya gaya wa ƙauyawan da suka tambaye shi ko su nemi magani, ya ce su nema, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta tana da maganinta in banda tsufa. A wata ruwaya ya nuna cewa wani ya san maganin, wani bai sani ba. Ashe kuwa neman sanin abin da ba a sani ba tukuna, da ɗaukar nauyin masu nemansa, aiki ne na addini.

A 1980 wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon dajin ƙashi, ya tashi da ƙafar roba zai ratsa ƙasarsa da gudu domin tara kuɗin bincike. Ya yi kwana 143 yana gudu, ya ci kilomita 5,373, sa'an nan ciwon ya kama huhunsa ya tsaya. Ya mutu a 1981 yana da shekara 22. Wannan yaro bai karanta hadisin da Allah zai tuhumi bawa ranar Alƙiyama a kan Ya yi rashin lafiya bai gaishe Shi ba, bawan ya yi mamaki, a gaya masa ai wane ne ya kwanta bai je ba, da ya je da ya sami Allah a wurinsa. Mu kuwa mun karanta, mun haddace, muna kuma karantar da shi. To, me muka yi da shi?

Wannan cuta ba ta Turawa ba ce su kaɗai. Tana cikin garuruwanmu, sai dai sau da yawa ba a gane ta. Mutum zai fara faɗuwa, ko ya riƙa magana ba kan gado, sai a ce iska ce, ko sammu, ko an yi masa asiri, har a ɓata zumunci a kan zargi. A yi ta yawo da shi wata da watanni, sai ido ya rufe sa'an nan a nufi asibiti. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a gaskiya ne, amma ba su hana a je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ba. Ba kowane ciwon kai ne ƙari ba, mafi yawansa ma ba shi ba ne. Amma wanda ya ga alamomin da muka lissafa sun daɗe, ya gaggauta ganin likita, domin akwai irin da in an cire shi da wuri mutum ya kan warke ya koma harkarsa. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, yau kuma ana yin ta a manyan asibitocin koyarwa na Arewa, irin su na Sakkwato da Zariya da Kano. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne kuɗi: na hoto, na tiyata, na magani, na mota, da na abincin mai jinya. Gida nawa aka sayar da gona, aka sayar da shanu, ƙarshe aka komo da majiyyaci don abin hannu ya ƙare?

Ba dole ne sai mun yi gudu ba. A Legas ana yin irin wannan tsere tun 2016, saurayi mai ƙarfi da ya ga zai shiga domin ya tara wa majiyyata wani abu, bisa sharuɗɗan da muka ambata, Allah Ya ba shi lada. Amma wanda ba zai iya mil 26 ba, ai zai iya taku ɗari biyu zuwa gidan maƙwabcinsa da ke kwance. Masallatan Juma'a za su iya kafa asusun marasa lafiya a hannun amintattu, a riƙa karanta lissafinsa a fili. 'Yan kasuwa za su iya ɗaukar nauyin gado guda a asibiti. Matan unguwa za su iya karɓar mai jinya na yini ɗaya domin ta samu ta runtsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah kuwa Ya umarce mu da taimakon juna a kan aikin alheri a farkon Suratul Ma'ida, a aya ta 32 kuma Ya daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya.

Lafiyar nan da muke taƙama da ita aro ce. Wanda yake gudu bana, ba shi da tabbacin ba shi za a yi wa gudu baɗi ba. Annabi ya hore mu da mu ribaci lafiya kafin ciwo, ya kuma ce ni'ima biyu ne mutane da yawa ke tafka hasara a kansu, lafiya da samun sarari. Kowa ya duba abin da Allah Ya ba shi, ƙafa ce, ko dukiya, ko ilmi, ko baki da ake jin maganarsa, ya fitar da hakkin marasa lafiya daga ciki tun yana da iko.

Ya Allah, Ubangijin mutane, Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Ka sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Ka ba masu jinya haƙuri, Ka ba likitoci basira, Ka saka wa masu taimako da mafificin alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Ka jiƙansu, mu kuma Ka sa mu cika da imani. Amin.